Amsa ga ƙanwarmu ta Samaru: aikin kwastoma kiya da rubutu

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na ga tambayarki tun shekaranjiya, na bari sai na samu zama, don ba amsar layi biyu ba ce. Ga waɗanda ba su gani ba, ƙanwarmu ce daga Samaru, ta gama bautar ƙasa, ta samu aikin amsa kiran waya, wanda muke ce wa kwastoma kiya, kuma tana da littafin da ta kai rabi. Tsoronta kada aikin ya kashe mata rubutun, tunda an ce mata wuni za ta yi tana nanata magana ɗaya. Ta tambaya ko akwai wanda ya taɓa haɗa biyun.

Na taɓa, kuma na daɗe a ciki. Na fara a Kaduna da wani kamfani da ke karɓar kira a madadin kamfanin sadarwa, daga baya na dawo gida Zariya na kama da wani ƙaramin ofis na harkar POS da tura kuɗi, a wajen PZ. Duka biyun a layin Hausa na zauna. Shawarata ki karɓi aikin. Amma bari in rage miki wani buri tukuna.

Na ga wasu sun ce miki ai kin faɗa rijiyar labarai, kullum sabo kyauta. Ban yarda ba. Mafi yawan kiran da za ki ɗauka babu komai a cikinsu. An cinye mini kati, data ta ƙare da wuri, na manta lambar sirri, na tura kuɗi bai shiga ba. Ki duba kwamfuta, ki faɗi abin da kika gani, ki shigar da ƙorafi, ki ba da haƙuri, kafin ki haɗiye yawu wani kiran ya faɗo. Ranar da aka dace da mai labari kuwa, gutsure za ki ji, ya kashe waya, ba ki ƙara jin ɗuriyarsa har abada. Abin da aikin ya ba ni shi ne kunne, wato sanin yadda mutane ke magana idan abu ya dame su. A ganina nan ne yawancinmu marubutan intanet muka fi rauni.

Da gaisuwa na fara koyo. A irin wannan aiki ana auna mintunan kowane kira, ana naɗar muryarki, akwai masu zama su saurara su ba ki maki. Takardar da aka tsara mana jimla ɗaya ta ware wa gaisuwa. To ki ce wa dattijo daga Soba ko Giwa ya gaishe ki a jimla ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, ya aiki, ya mutan gida, ya muka ji da sanyi, ke kuma idonki na kan agogon da ke gefen allo yana ta tafiya. Ba halin ki katse shi, sai ki yi ta amsa lafiya lau kina addu'ar ya iso. A hankali na lura tsawon gaisuwar kansa bayani ne. Wanda ya ja ta fiye da kima, har ya sake komawa kan ya mutan gida karo na biyu, sau da yawa kunyar abin da zai faɗa yake ji. An kira shi an ce daga banki ne, ya karanta lambar da aka turo masa da bakinsa, an kwashe kuɗin, ga shi da furfura zai gaya wa sa'ar 'yarsa. Wanda ya faɗo babu ko sallama, ba kullum ne rashin tarbiyya ba, wataƙila akwai mai kaya tsaye a kansa yana jiran alat. Matar da ke magana ƙasa-ƙasa, ta tambaya ko za a iya hana saƙon kuɗi shigowa wayarta, ba sai ta ce miki akwai wanda ke duba wayar ba.

Akwai wani babi a littafina inda yarinya ta je gaya wa mahaifinta ba za ta koma gidan miji ba. Shafi guda suna gaisawa. Ya tambaye ta hanya, ta tambaye shi ƙafarsa, ya sake tambayar hanya. Masu karatu sun fi yi mini maganar wannan shafin fiye da duk koke-koken da ke cikin littafin, kuma a kujerar aiki na koye shi.

Makarantar da ta fi kowace zafi ita ce farkon 2023. Kin tuna Babban Banki ya sanar da sauya fasalin takardun ₦200 da ₦500 da ₦1,000 a Oktoban 2022, aka sa 31 ga Janairu wa'adin daina karɓar tsofaffin, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin sun koma banki, sababbin ba su wadata ba. Jihar Kaduna na cikin jihohi ukun da suka fara kai ƙara Kotun Ƙoli, tare da Kogi da Zamfara, kuma sai 3 ga Maris kotun ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi har ƙarshen shekara. Tsakanin nan kowa ya koma tiransifa lokaci ɗaya, mai shayi a Kwangila, mai nama a Tudun Wada, mai kayan miya a kasuwar Sabon Gari, har da waɗanda ba su taɓa danna lambar tura kuɗi ba. Na'urorin bankuna suka kasa ɗauka. A cire kuɗi a nan, bai isa can ba, yana rataye a tsakani. Mu ne muryar da ake samu idan an kira, alhali ba mu da ikon dawo da ko sisi. Iyakarmu mu shigar da ƙorafi mu faɗi kwanakin aikin da za a jira.

Na sha zagi a makonnin nan, har da na iyaye, amma ba zagin ne ya zauna mini ba. Wani bawan Allah ya kira daga kantin magani (na canza abubuwan da za a gane shi da su). An cire masa kuɗi, mai kantin bai gani ba. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, “'Yata, ba gaggawa nake sa ki ba, sai dai mai maganin ne ya ce ƙarfe tara zai rufe.” Bai faɗi wanda ba shi da lafiya ba, ban tambaya ba, ba ya cikin aikina. Sai ya tambaye ni ko in ya sake turawa za a sake cirewa, don abin da ya rage ba zai kai sau biyu ba.

Ki ɗauki wannan ki ajiye kusa da yadda muke rubutu. Mu da mun samu mutum cikin damuwa sai mu ce “cikin matsanancin tashin hankali da ƙunar zuci ya buɗe baki ya ce”, sannan mu ba shi sakin layi guda yana bayanin zuciyarsa kamar mai karanta sanarwa. Duk zaman da na yi a kan waya, da wuya in tuna wanda ya ce mini yana cikin baƙin ciki. Maganar lokaci suke yi, da kuɗin mota, da cajin waya da ya kusa ƙarewa. Mutum ya ce miki “ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri”, ke da ke sauraro kin san akwai komai. Tun daga lokacin, idan na rubuta jimlar da ke faɗin yadda mutum yake ji, sai in goge ta in tambayi kaina wace ƙaramar hidima ce ke gabansa a wannan minti, in sa shi ya yi maganarta.

Wancan gutsuren da na ce miki, ashe shi ma riba ne. Ban san ko an ba shi maganin ba. Da na sani, da labarin ya mutu a nan. Rashin sanin ne ya sa na yi ta juya shi a kai a cikin keke daga PZ zuwa gida, ina ba shi mata, ina ba shi ɗa, ina sa mai kantin ya tausaya, ina sa ya ƙi. Abin da ya fito daga ƙarshe labarin mai kantin ne, mutumin da mutane da yawa suka nuna wa risit a waya a rana ɗaya, kuma bai san na wa ne gaskiya ba. Mai kiran bai ma fito a ciki ba.

Sai Hausar kanta. Layin Hausa ba na garinku kaɗai ba ne, kowa zai faɗo miki. Basakkwace zai ce miki “wagga waya” da “mi ka hwaruwa”, Bakatsine da nasa, Bafulatani da ya koyi Hausa a kasuwar shanu da nasa, ɗan Kudancin Kaduna da nasa, Inyamurin Sabon Gari da aka haifa a nan yana zuba Hausar da ta fi ta wasunmu. Mu Zazzagawa ma nan take ake gane mu, da mun ce mota ne maimakon mota ce, Bakano ya fara tsokana. A littattafanmu kuwa, direban Gusau da likitar Abuja da kakar ƙauye duk baki ɗaya suke magana da shi, na marubuciyar. Ban ce ki cika shafi da karin harshe har karatu ya gagara ba. Kalma ɗaya ko biyu a bakin mutum ta isa, muddin kin ji ta da kunnenki ba kwaikwayon wasan barkwanci kika yi ba. Masu karin harshen suna karanta mu, kuma suna gane lokacin da ake yi musu dariya.

Ki kuma saurari abin da ke bayan murya. Tunda ba kya ganin kowa, kunne ne zai gina miki wurin: janareto, injin markaɗe, kiran sallar La'asar da ya riga namu da 'yan mintuna, yaro yana karanto wa kakansa lambobi ɗaya bayan ɗaya. Wannan na yaron na ji shi har ba adadi bayan Disambar 2020, lokacin da aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN, da kuma Afrilun 2022 da aka toshe wa waɗanda ba su haɗa ba damar kira. Lamba goma sha ɗaya ce, tsohon ba ya gani sosai, jikan yana ajin firamare, ni kuma agogo na ci. A ƙarshen 2021 kuma, da aka katse sabis a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Kaduna saboda 'yan bindiga, sai ga masu kira suna buɗe magana da cewa sun yi tafiya ne kafin su samu sabis, don Allah kada in ajiye su a jira. Ki ji iska tana kaɗa maganar, ki san mutum a fili yake tsaye. Waɗannan abubuwa an yi su a gabanmu, kuma har yau ban ga an rubuta su yadda suka kamata ba. Muna can muna rubuta attajirin da ya dawo daga Dubai.

In da za a ba ni zaɓi yau, da na roƙi a bar ni in zauna damina ɗaya a layin taimakon manoma na NAERLS, cibiyar wayar da kan manoma ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ke nan Samaru kusa da ke, in ji yadda manomi ke kwatanta tsutsar da ta ci masa masara ga wanda ba ya ganin gonar. Wannan sha'awata ce kawai.

Kada ki manta da ɗakin da kike zaune. Abokan aiki sun fi masu kira ba ni mutanen littafi, don su ina ganinsu kullum. Akwai maɓallin da ake dannawa mai kira ya daina jin ki. Abin da ake faɗa a cikin daƙiƙun nan, tsaki, dariya, “Allah ya isa”, wani lokaci hawaye, sannan a saki maɓallin murya ta dawo sumul, “na gode da haƙurinka, Alhaji”, ya ishi marubuci nazari. Na zauna kusa da wata da aurenta ke rawa, tana share ido tana tambayar kwastoma ko akwai wani abin da za ta taimaka masa da shi. Ke ma za ki zama mai murya biyu, ki lura da kanki. Ga kuma mazan dare, masu kira ba don komai ba sai su ji muryar mace, a tambaye ki ko ke Bahaushiya ce, ko da aure. Waɗannan ki bi ƙa'idar da aka ba ki ki sallame su, kada son labari ya sa ki ja zance.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, amana. Mutumin da ya kira bai kira marubuciya ba, ma'aikaciya ya kira, ya ba ki sunansa da lambarsa da abin da ke asusunsa don dole. Za ki sa hannu a takardar riƙe sirri, a wurare da yawa waya a loka ake barinta, wasu ko biro da takarda ba a shiga da su. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023. Ko babu doka, ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Zariya kuma ba ta da girman da kike zato. Ki rubuta Hajiya mai sayar da atamfa a unguwa kaza da ke ɓoye wa miji asusu, kafin sati an kai mata. Ni abin da nake yi, ba na fita da suna, ko gari, ko adadin kuɗi, ko sana'ar mutum. Yanayin maganar kawai nake ɗauka, in bar shi ya kwana biyu a kaina har in manta muryar mai shi, sannan in ba wani mutum daban a wani hali daban. Idan mai kiran zai iya karantawa ya ce ni ne, ban gama aiki ba. Kuma kada ki kuskura ki rubuta ko layi ɗaya na littafinki a kwamfutar ofis, ana ganin komai. Kada ki ɗauko kiran yau ki zuba a Facebook da dare don a yi dariya. Na ga wadda hakan ya raba da aikinta, kuma ban ga laifin waɗanda suka sallame ta ba.

Tsoron da kika faɗa kuwa yana da tushe, ba zan ɓoye miki ba. Bayan awa takwas kina magana, kalma ƙarewa take yi. Za ki dawo gida ko sallamar mutan gida ta yi miki nauyi, kunne na ƙara, maƙogwaro a bushe. Duk wanda ya ce zai yi rubutu bayan an tashi, yaudarar kansa yake yi, aƙalla a watannin farko. Ni bayan sallar Asuba nake rubutu, kafin muryar kowa ta shiga kaina, ko rabin shafi ne. Abin da na tsinta da rana kuma, da na fito na karɓi wayata sai in faɗe shi a saƙon murya in tura wa kaina, jimla ɗaya ko biyu, ba tare da sunan kowa ba.

Haɗari na biyu ya fi ɓoyuwa. Takardar da za a ba ki ki riƙa karantawa da Turanci aka tsara ta, aka juye ta Hausa kalma bayan kalma. “Kiranka yana da muhimmanci a gare mu.” “Muna ba da haƙuri bisa duk wani rashin jin daɗi da hakan ya haifar.” Wa ya taɓa yi wa uwarsa magana haka? In kika yi wata shida kina nanata wannan, sai ki tarar ya fara tsiyaya cikin rubutunki, jaruminki yana ba budurwarsa haƙuri bisa rashin jin daɗi. Maganinsa ki riƙa karanta tsohuwar Hausa mai kyau ko shafi biyu ne kafin barci, ki kuma zauna da tsofaffin gidanku ranar hutu ki bar su su yi ta zuba. A kan waya ma, da na ƙware, sai na riƙa faɗin ma'anar takardar da Hausar mutane, “yi haƙuri Baba, mun ɓata maka”, kuma masu ba da maki da ke jin Hausa ba su cika ragewa ba. Ki fara gane halin naku tukuna kafin ki gwada.

Da kika ce kina jin kamar marubucin gaske ba ya irin wannan aiki, ki tuna a garin da kike. A nan Zariya Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar 1933 da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko da aka buga da boko. Cikin waɗanda suka shiga gasar, Abubakar Imam malamin makaranta ne a Katsina lokacin, yayansa Bello Kagara ma malami, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana koyarwa a Bauci. Da Imam ya dawo Zariya ma, aikin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ya riƙe tun fitowarta a 1939, yana fama da wasiƙun masu karatu da ƙorafe-ƙorafensu. Babu wanda aka ɗauke wa neman abinci a cikinsu.

Game da littafin da kika kai rabi, ni da zan ce ki jingine shi na wata biyu ko uku, har jikinki ya saba da duti. Dogon labari yana son kai a sake, kuma in kika matsa masa cikin gajiya za ki tsane shi. Ki yi gajeru a tsakani. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata, gajeren labari take nema, kuma irin abin da kunnenki zai kwaso ya fi dacewa da wannan tsawon. In an ba ki zaɓin lokaci, ki ɗauki dutin da ke farawa da rana, safiyarki ta zama taki. Na dare kira yana raguwa, amma komawa Samaru da tsakar dare ba abin da zan so wa ƙanwata ba ne, sai in kamfanin na da motar da ke mayar da ma'aikata, ki tambaya kafin ki sa hannu. Ki tambayi kuma ko su ne suka ɗauke ki kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila ne, don albashi da hutu sun bambanta. Sannan ki nemi fulas ki riƙa zuwa da ruwan ɗumi da citta, ki rage ƙarar abin kunnen, in mai gefe ɗaya ne ki riƙa sauya masa kunne.